Tandar da Na Aika wa Gwamnati

Shin jiran nan ne ya cinye Malam, ko kuwa jiran ne ya riƙe shi a duniya har ya kai inda ya kai? Na san kwana na Allah ne, babu mai ƙarawa, babu mai ragewa, kuma duk lokacin da tambayar ta zo mini sai na yi istigfari. Amma ba ta fasa zuwa ba. Na yi ta ina da sauran ƙarfi, ga shi yau ina yin ta ina dogara sanda, amsa ba ta samu ba. Ni ban yi boko ba, jikata ce ke rubutawa ina faɗa. Na gaya mata in ta ji muryata ta shaƙe ta dakata ta jira ni, don har yau ba na iya ba da labarin mutumin nan idona a bushe.

Malam, mijina, mutumin cikin garin Sakkwato ne. Gidansu gidan ma'aikata ne tun kakanni, kowa da alƙalami a aljihun gaba. Aiki ya kawo shi Illela, a nan ya gan ni, a nan muka zauna. Ni kuwa 'yar fatake ce. Mahaifina da yayyena tsakanin Illela da Kwanni suka yi rayuwarsu, yau a kai wannan, gobe a kawo wancan, naira a aljihun dama, sefa a na hagu. A gidanmu in abu ya lalace da safe, kafin azahar an sayo wani.

Aikin Malam shi ne oba-oba a ofishin gwamnati na garinmu. Wani akwatin ƙarfe ne mai kama da babbar rediyo, da abin magana a jikin murɗaɗɗiyar igiya, da dogon ƙarfe da aka kafa a bayan ofis. Ta nan ake magana da Sakkwato. In mai magana ya gama sai ya ce “oba”, wato ya ba ɗan'uwansa fili, shi ya sa mutane suka sa wa akwatin wannan suna. Lokacin babu tarho a gidan kowa a wajenmu. Zuwan masu allurar rigakafi, ɓarkewar ciwon shanu, saukar fara a gonakin Gidan Katta, neman motar asibiti in haihuwa ta yi gardama, duk ta bakin Malam suke fita, ta kunnensa suke shigowa. Ni kuma ina gida ina suyar masa. Direbobin tasha da matan unguwa sun san tandata.

A daminar da abin ya faru soja ke mulki, kuma an rufe boda. Hadari ya haɗo da la'asar, Malam ya rufe ɗaki ya tafi masallaci. Suna cikin salla aradu ta faɗa kan dogon ƙarfen nan. Da ya koma ya buɗe ƙofa, ƙaurin ƙonewa ne ya tare shi. Ranar ya dawo gida ya zauna a kan tabarma, na ajiye tuwo har ya huce bai ɗaga murfin ba.

Na ce, “Malam, ka gode wa Allah ba ka cikin ɗakin.”

Ya ce, “Na gode masa. Amma gari ya kurumce.”

An turo mai gyara daga Sakkwato. Ya kwance bayan akwatin, ya leƙa, ya mayar. Ya ce tsohon yayi ne, an daina yin kayan gyaransa, sai dai sabo. A lokacin ritayar Malam ta kusa, kuma ya fara wani tari da ba ya jin magani. Babban akawu, wanda shi ne shugaban ofishin, mutum ne mai barkwanci da tausayi. Ya ce masa tun da ɗakin babu aiki, ya kawo mabuɗi ya je ya huta, ba wanda zai taɓa masa haƙƙinsa. Malam ya ƙi. Da ya dawo gida ya maimaita mini amsar da ya ba shi.

“Da murya na karɓi ɗakin nan hannun wanda na gada. Ba ni miƙa mabuɗi da gawa a ciki. Ran da akwati ya yi magana, ran nan ni ka ba da mabuɗi.”

Matsalar ita ce gwamnati ta fito da sabuwar doka kan sayen irin waɗannan kaya. Duk abin da ya shafi oba-oba, ko tarho, ko wata sabuwar na'ura da muka fara jin sunanta a lokacin, wai kwamfuta, babu ofishin da zai sayo da kansa. Sai an kai buƙata Sakkwato, wani kwamiti ya zauna, a sayo wa kowa iri ɗaya.

Babban yayana, Alhaji, ya ji labari ya zo gida da kansa. Na shimfiɗa musu tabarma a inuwar darbejiya, na koma bakin murhu inda kunnena zai kai.

“Malam, mi na abin rama a nan? Akwati na fa, ba ɗan mutum ba. Na ga irinai Kwanni, sabo, cikin leda. Ka ce to, in aza maka shi bisa raƙumi, shi biyo ta bayan gari.”

“Allah shi saka da alheri, Alhaji. Amma wanga ba buhun shinkafa na ba.”

“Tsoro kake shi yi maka Faransanci? In ya fara, aiko a kira ni in yi maka tafinta.”

Malam ya yi ɗan murmushi. Ya ce, “Ko da Hausar Gobir shi ka yi, ba shi jin na Sakkwato in ba layi ɗaya anka ɗora su ba. Kuma ka dubi abin da ya same mu. Da can kowane ofis nashi ya sawo. Yanzu namu ya ƙone, duk ƙasar nan babu mai ko ƙusarsa. Shi ya sa sunka ce a sawo iri guda, wanda ya kawo shi kawo da kayan gyara.”

“To har yaushe?”

“Har a yi tanda.”

“Kun ji ku, 'yan boko. Ƙishirwa na kashe ku, kuna jiran a rubuto muku izinin shan ruwa.”

“Alhaji, abin magana na, bakin iyaka, boda a rufe. Ran da soja sunka ce ina na samo shi, in ce musu bisa raƙumin yayan matata ya zo?”

Alhaji ya kwashe da dariya, ya ce to shi dai raƙuminsa ba ya son shiga bariki. Ya shanye furarsa ya tafi yana girgiza kai. Ni a ranar bayan yayana nake. Na ga abu a Kwanni, tafiyar da ko jaki ba zai gaji ba, an bar shi ana duban Sakkwato.

Amma kalma ɗaya ta maƙale mini a kunne, wato tanda. Daga ranar kullum sai na ji ta. Malam ya dawo, in ce ina labari, ya ce tanda ake jira. Wata ya wuce, ya ce tanda ba ta fito ba. Ni kuwa tanda ɗaya na sani a duniya, wadda nake ɗorawa a murhu kowace safiya in zuba mai a gurabenta in zuba ƙullu. Wata rana ina tsince shinkafa na tambaye shi.

“Malam, ita wagga tanda, can Sakkwato a ka yin ta?”

“Can hedikwata.”

“Babba ta?”

“Babba ƙwarai. Ta jiha duka ta, ba tamu kaɗai ba.”

“Mutum guda ka yi?”

“A'a. Doka ta ce sai mutum uku ko fiye. Kowa shi kawo nashi a rufe, kada wani shi ga na wani. Ran da anka sa, a buɗe gaban jama'a. Wanda nashi ya fi kyau da sauƙi, shi a ka ba.”

Na ce to. A raina na ce ashe abin ba wuya. A gidanmu in an sayi sabuwar mota, ko za a yi doguwar tafiya, sai an soya masa an yi sadaka kafin a taɓa mabuɗi. Sai na ɗauka ita ma gwamnati haka take yi kafin ta sayi babban abu. Ta tara mata uku, kowa ta soya tata ta rufe a kwano, a buɗe gaban mutane a ɗanɗana, wadda tata ta fi laushi a ba ta aikin sadakar. Abin da ya hana, a nawa lissafin, ba su samu tandar da za ta isa jiha guda ba. Har tausayinsu na ji. Na ce maza ne suka taru a ofis, ina za su san inda ake gina tanda?

Ban gaya wa Malam ba, na so ya ga abin kawai ya faru. Akwai wata maginiyar tukwane a Amarawa da nake saye a wurinta. Na aika mata ta gina mini tanda wadda ba ta taɓa gina irinta ba. Ta aiko tana tambaya ko auren ɗan sarki za a yi, na ce ta dai gina. Da aka kawo ta a kan jaki, an naɗe ta da buhu da kara, faɗinta ya kusa na faifai biyu. Na gasa ta da mai kwana da kwanaki har ta yi baƙi ta daina kamu, don kada a ce mutanen Illela sun aika ɗanyen abu. Sannan na soya masa cike da kwano, na yafa mayafi, maƙwabciyata ta taya ni, muka nufi gidan babban akawu.

Matarsa mai sayen masata ce, kuma ita ma kamar ni take, ba ta yi boko ba. Na ce mata, “Ki ba maigidan, shi kai ma gwamnati. In tanda ta hana, ga ta. In masu suya na babu, ni da maƙwabtana biyu mun cika uku. Kuma ba mu son ko sisi.”

Ta shafa tandar ta ce, “Wallahi kin kyauta. Ni ma kullum tanda, tanda ni ka ji, na rasa mai tashi shi yi wani abu.”

Washegari rana ba ta kai tsaka ba sai ga Malam, wanda bai taɓa baro ofis kafin azahar ba. Ko sallama bai gama ba.

“Ke! Mi kinka kai gidan babban akawu?”

“Abin da kuka rasa.”

“Mi munka rasa?”

“Tanda mana. Wata nawa kana hwaɗi?”

Ya tsaya yana dubana. Ashe babban akawu ya sa an ɗauko tandar har ofis, ya ɗora ta a kan teburinsa, ya tara ma'aikata, ya isar da saƙona kalma da kalma, har da maganar maƙwabta biyu. Masar kuma suka cinye.

Malam ya zauna a kan turmi ya yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala. Wai kalmar Turawa ce ta yi kama da tamu. 'Yan kwangila ne ke rubuta irin akwatin da za su kawo da yadda za su sayar, su rufe a ambulan, su jefa a wani akwatin katako mai kwaɗo. Babu ƙullu, babu mai, babu murhu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja mayafi na rufe fuskata na ce, “To don mi ba su ce ambulan ba? Duk kalmomin duniya sai tawa sunka ɗauka?”

Sai na ji wani sauti. Na leƙa ta gefen mayafi, na ga kafaɗunsa na rawa. Dariya ce ta kama shi, irin wadda ba ta fita sai ta tsaya a ƙirji. Ya ce, “Ni da maƙwabtana biyu,” sai ta ƙwace masa. Ya yi ta har hula ta faɗi, har tari ya sarƙe shi na ruga na kawo ruwa. Tun ranar aradu ban ga haƙorinsa ba sai ran nan. Da ya samu numfashi ya ce, “'Yar fatake, kin kashe ni a ofis. Kawo tuwon jiya in akwai saura.” Ya cinye tas.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama gari. Direbobi suka koma aikowa a ba su “masar gwamnati”. Alhaji ya zo takanas don ya tsokane ni, wai in zan sake aikawa in haɗa da ludayi, kada su ce shi ma sai kwamiti ya zauna. Na daina jin kunya da na ga Malam na dawowa da sabon abin da wani ya faɗa, yana ba ni muna dariya.

Babban akawu kuwa bai tsaya nan ba. Da tafiyarsa Sakkwato ta zo, ya sa tandar a bayan mota ya kai ta ofishin da ake tara buƙatun garuruwa. Ya ce musu mutanensa sun gaji da jira, ga tasu gudummawar. Da ya dawo ya ba Malam labarin abin da ya tarar. Ba wanda ya manta da mu da gangan. Kwamitin ya duƙufa ne kan sayen kwamfutar nan da za ta riƙa lissafin albashi. Abu ne da ba wanda ya taɓa saye a cikinsu, suna tsoron su sayo wadda za ta zama kamar akwatinmu, ta lalace a rasa mai gyara. Doka ɗaya ta haɗa mu da ita, ita kuma ta fi mu girma, sai muka koma bayan layi. An ɗora tandata a kan kabad. Duk wanda ya shigo sai ya tambaya mece ce wannan, a ce masa ta Illela ce, oba-oba suke jira.

Ban ce ita ta sa ba. Malam ma cewa ya yi doka ba ta jin barkwanci. Ni dai abin da na sani, a zaman da ya biyo baya an sa Illela cikin waɗanda za a sayo wa akwati, tare da sauran garuruwan bakin iyaka. Tandar ba ta dawo ba, kuma ban tambaya ba.

Na zaci an gama, ashe an fara ne. Aka yi shela 'yan kwangila su kawo nasu. Aka buɗe, aka zaɓi ɗaya. Shi kuma sai ya nemi izinin shigo da kaya daga waje, sannan a jira jirgin ruwa. Kaka ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta sake faɗowa.

Duk wannan lokaci Malam bai fasa fita ba ko rana ɗaya. Zai buɗe ɗakin, ya share, ya goge mataccen akwatin. Saƙon da a da yake faɗa da baki, yanzu sai ya rubuta, ya taka har tasha ya ba direban da zai tafi Sakkwato, da yamma ya koma ya tari amsa. Ƙafafunsa suka fara kumbura, takalmi ya daina shiga, ya koma silifa. Ina kallonsa yana fita cikin rana yana tsayawa a jikin katanga ya huta. Idan na tuna wannan sai in ce jiran ne ya cinye shi. Amma kuma akwai safiyoyin da na tabbata ba zai iya tashi ba, jiki ya yi nauyi, numfashi sama-sama. Sai ya ce, “Wa ya sani ko yau motar ka zuwa,” ya dafa bango ya miƙe. Idan na tuna wannan kuma sai in rasa abin cewa.

Sau ɗaya na roƙe shi ya karɓi na Kwanni, ko na wucin gadi ne, ya yi magana ya ba da mabuɗi ya huta. Ya ce, “In na yi haka, wanda ya gaje ni shi ka zama da abin da babu takarda, babu kayan gyara. In bar mashi wahala in tahi?” Ban sake ba.

Ranar da ya faɗi a bakin tasha, Alhaji ne ya ɗauko shi a motarsa. Bai tsaya gida ba sai da ya ɗauke ni, muka wuce asibiti a Sakkwato. A hanya yana tuƙi yana faɗa, yana share ido da hannun riga. “Taurin kai! Mutum shi kashe kanai saboda akwati!” Malam yana kwance a cinyata ya ce, “Dubi hanya, Alhaji, kada ka riga akwatin.”

Ya yi kwanaki a asibiti, ya ɗan ji sauƙi, aka sallame shi zuwa gidansu a cikin gari, wurin ƙanwarsa, don ya riƙa komawa ganin likita. Ina tare da shi har cikin ɗiyarmu ya tsufa a Illela, haihuwar fari. Shi ya matsa in koma. Ya ciro mabuɗin ɗakin oba-oba daga aljihu, da igiyar fatarsa, ya sa mini a hannu. Ya ce ofis na da nasu, amma wannan shi ne wanda aka danƙa masa, in riƙe har ya ce in bayar.

Ɗiyata ta sauka lafiya, mace. Muna cikin hidimar jego, ana dafa ruwan wanka, sai ga matar babban akawu ta shigo ko mayafi bai zauna mata ba. Ta ce mota ta zo tun shekaranjiya da akwatuna, an kafa sabon ƙarfe, an sa masa abin da ke kama aradu ya kai ta ƙasa. An kawo kwali guda na kayan gyara, kuma za a koya wa ma'aikata biyu. Yau da hantsi za a gwada, maigidanta ya ce lallai in zo. Ashe ya aika wa mai oba-oba na Sakkwato, abokin Malam da suka shekara da shekaru suna magana kullum, ya je gidan su Malam ya ɗauko shi a mota zuwa ofishin can.

Duk zamanmu ban taɓa shiga ɗakin nan ba sai ranar. Ƙarami ne, taga ɗaya. Ga kujerarsa, da matashin da na ɗinka masa ya lotse a tsakiya. Sabon akwatin bai kai tsohon girma ba, yana ta shuu kamar ruwa a kan kwano. Injiniyan da ya haɗa shi mutumin kudu ne, Hausarsa guntu-guntu. Ya nuna mini kujerar, na ce a'a, a tsaye zan yi.

Sai shuu ɗin ya yanke.

“Illela, Illela, Sakkwato ka kira. Kuna ji na? Oba.”

Muryar ta yi siriri, amma tasa ce, har da yadda yake jan sunan garin. Babban akawu ya karɓa, ya amsa yadda ake amsawa, sannan ya ce, “Malam, gwaji sai da murya iri-iri. Ga wata a gwada.” Ya miƙo mini abin maganar.

Na ce, “Malam, ina kwana? Ya jiki?”

“Illela, ban ji ku ba. Oba.”

Na ɗaga murya. “Malam, ni ta!”

“Illela, kuna nan?”

Na ce shi ke nan, an sayo wanda ba ya jin mata. Injiniya ya matso yana dariya. “Mama, danna nan. Danna, magana, saki.”

Na danna da ƙarfina duka. Na gaishe shi. Na ce an sauka lafiya, mace, mai hancinsa. Na ce mai jego na cin abinci. Na tambayi ƙafa, na tambayi tari, na ce ko yana shan maganin, na ce an yi ruwa Kalmalo har tafki ya cika, na ce ɗakinsa na nan a share. Na yi shiru ina jira, ban ji kome ba. Na sake tambayar ƙafa. Ashe ban saki ba, kuma muddin ina danne ba zai iya shigowa ba. Sai da injiniya ya nuna mini yatsana, na ɗaga.

Dariyarsa ce ta fara cika ɗakin, da tarin a bayanta. Ya ce, “Alhamdu lillahi. Allah shi raya ta. 'Yar fatake, kin riƙe layin gwamnati kamar naki.” Sannan muryarsa ta koma ta aiki. Ya kira babban akawu da girmamawa, ya ce ɗaki ya samu murya, mabuɗi na hannun iyalinsa, a karɓa. Na kwance shi daga bakin zanena na miƙa. Babban akawu ya karɓa da hannu biyu, yana ta gyaɗa kai, har injiniya ya tuna masa cewa ba a ganinsa a Sakkwato.

A bakin ƙofa malamin asibitin garinmu na tsaye da takarda a hannu. Ya ji an ce akwati ya tashi, ya zo neman a turo maganin sarar maciji, don damina ce manoma na shan cizo, nasu ya ƙare. Babban akawu ya gaya wa Malam yana nan yana jira. Aka sake miƙo mini abin maganar in yi sallama. Wannan karon na danna, na ce ina nan tafe bayan suna, na saki.

Ban kai ga zuwa ba. Ana gobe suna Allah ya karɓi abinsa, da safe, bayan ya karya. Ta akwatin nan saƙon ya zo, a kan lokaci, har Alhaji ya kai mu Sakkwato muka samu ba a fita da shi ba, na gan shi na yi masa addu'a. Da a watannin da gari ke kurme ne, sai dai mu tarar da kabari. Akwatin ya yi shekaru yana aiki bayansa. Ya lalace an gyara da kayan cikin kwalin nan, ya sake tashi. Mata da yawa a garin nan motar asibiti ta zo musu ta dalilinsa, wasu 'ya'yan da aka haifa a lokacin yanzu su ke gaishe ni a hanya. In na wuce ta bayan ofis na ga dogon ƙarfen, nakan yi kuka, amma ba kukan baƙin ciki zalla ba ne. Mutumin ya ce sai ya ji murya, kuma Allah ya jiyar da shi.

Abin da ya amsa mini a ranar gwajin, bayan na saki, shi ne ƙarshen abin da na ji daga bakinsa.

“Na ji ki garau, kamar kina tsakar gida. Ki shafa mini kan jaririyar. Yanzu ba malamin asibiti wuri, mutane na jira.”